Amsa: Shin jan kaya ya fi ɗaukar hankalin maza?

'Yar'uwa daga garin Marwa na Kamaru, kin tambaya ko da gaske ne ja ya fi ɗaukar hankalin namiji, tunda za ki sayi lafaya don biki.

Akwai ƙamshin gaskiya. A 2008 Andrew Elliot da Daniela Niesta na Jami'ar Rochester a Amurka sun nuna wa maza hoton mace ɗaya, wasu suka gan ta da jar riga, wasu da shuɗiya. Ta fi burge waɗanda suka ga ja, amma a binciken nasu ja bai sa maza sun ɗauki mace ta fi hankali ko kirki ba. Da aka maimaita gwajin daga baya, bambancin ya fito kaɗan ne.

Ni dai na fi damuwa da yadda launin zai karɓi fatarki. Ja mai duhu da ruwan goro suna haska baƙar fata sosai. Kada ki yanke shawara ƙarƙashin ƙwan shago, yana ɓoye ainihin launi. Fito da yadin waje, ki ɗora shi a bayan hannunki. Sannan ja yana zuba: jiƙa gefensa ki goga da farin ƙyalle kafin ki biya. In kin wanke, shanya a inuwa, ranar Marwa takan koɗar da shi.