Kafin ki sayi sabon firij, Hajiya, duba robar ƙofa

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo a nan Jos, mai sana'ar zoɓo da kunun aya, ta rubuto cewa firij ɗinta mai ƙofa biyu ya shekara shida, kuma yanzu sama na tara ƙanƙara har ƙofar ba ta rufuwa sosai, ƙasa kuwa ko ruwa ba ya sanyayawa. Sau biyu mai gyara yana cewa gas ne ya ƙare, yana ƙarawa tana biya. Tambayarta ita ce ko ta haƙura ta sayi sabo.

Hajiya, gas ɗin firij ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu shekara da shekaru, saboda haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma ƙara shi ba tare da an gano ɓular an liƙe ba zuba ruwa ne a kwando. Ni kuwa ban ma zargi gas ba, tunda saman yana ƙanƙara. A masu ƙofa biyu da yawa, sanyin ƙasa daga sama yake gangarowa ta wata 'yar kafa, wadda idan ƙanƙara ta toshe ta sai ƙasan ya zama kabad kawai. Ita kuma ƙanƙarar daga danshin iskar waje take samuwa, wadda ke shiga ta robar ƙofa idan ta saki, ko kuma daga tururin zoɓon da aka saka da ɗuminsa saboda gaggawar ciniki.

Ki ɗauki takardar naira ɗari ki rufe ƙofar a kanta, sannan ki ja. Idan ta zare ba tare da wata turjiya ba, robar ta saki a wurin. Ki gwada haka a kowace kusurwa, musamman ta ƙasa inda ruwan kunu ke ɗiga ya bushe. Sauya roba ba ya kai ko kusa da kuɗin sabon firij. Daga nan ki cire filogi, ki buɗe ƙofofin, ki sa kwanon ruwan ɗumi a ciki da tsumma a ƙasa, ki bar ƙanƙarar ta narke da kanta ko da za ta kwana. Don Allah kada ki sa wuƙa, domin bututun da ke ƙarƙashinta siriri ne ƙwarai, kuma gas ɗin R600a da ke cikin yawancin na zamani yana kama wuta. In ma daga baya kin ga dole ki saya, firiza na kwance ya fi dacewa da sana'arki, domin iska mai sanyi tana da nauyi, ba ta zubewa waje duk lokacin da yaro ya ɗaga murfi zai ɗauki gora ɗaya.

Wani magidanci daga Bukuru ya ce idan wuta ta yi rauni firij ɗinsa yakan yi gunji kaɗan, ya yi ƙas, ya yi shiru, kuma yana so ya san ko sitabilaiza, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, ya cancanci kuɗinsa. Malam, ya cancanta. An ƙera injin ne don bolt 220 zuwa 240, kuma wannan ƙas ɗin da kake ji makarin injin ne yake yanke wuta bayan kwamfiresa, wato injin da ke zagaya da gas ɗin, ta kasa tashi, abin da in ya yawaita sai ta ƙone. Ka zaɓi mai jinkirta wuta na 'yan mintuna bayan an kawo ta, kuma kada ka ɗora firij a kan ƙaramin janareta, domin lokacin tashi yana jan ninkin ba ninkin abin da yake ja idan ya daidaita. Idan an ɗauke wuta kuwa, a daina buɗe-buɗe: ƙasan yakan riƙe sanyi kimanin awa huɗu, firiza cikakke kuma har kwana biyu.

Tambaya ta ƙarshe daga wani uba ce da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki, za a kai ta Kubwa a Abuja, yana tunanin sayen na gwanjo daga Turai saboda an ce sun fi ƙarko. Alhaji, ka nemi takardar bayanin da ke manne a jikinsa, akwai harafin da ke nuna zafin da zai iya jurewa: mai N ko SN iyakarsa digiri 32, mai ST 38, mai T kuma 43. Na Turai da yawa N ne ko SN, kuma a Jos, da muke kan tudu sama da mita 1,200, za su iya lallaɓawa. Zafin Abuja na watan Maris wani abu ne daban, ballantana a ɗakin girki mai ƙaramar taga, inda irin wannan zai yi ta aiki ba hutawa yana cinye kuɗin mita. Shawarata ita ce sabo mai T da garanti, ko da bai kai wancan girma ba. Idan an sauke shi daga mota, a gaya wa 'yan jere su bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango, kuma su bar shi a tsaye aƙalla awa huɗu, man injin ya koma mazauninsa, kafin a jona.