Kiɗan da ke tsere wa hoto: ga abin da ya faru da ni

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ɗora wa gajeren fim kiɗa, da farko komai ya zauna daram, amma kafin minti goma kiɗan ya tsere wa hoto. Ni ma na sha wannan wahalar.

Bara bayan girbi muka ɗauki fim na minti 12 da waya, a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Akwai inda mata ke lugude a tsakar gida, na dage sai kalangu ya riƙa faɗuwa daidai da saukar taɓarya cikin turmi. Fitowar farko gwanin sha'awa. Da aka dawo wajen dakan a ƙarshen fim, taɓarya na sama, kalangu ya riga ya buga. Kwana uku ina jan kiɗa gaba da baya, ga batirin sola ba ya kai mu tsakar dare, in gyara nan can ya ɓaci. Abin ya taɓa min zuciya, don matan nan sun bar aikinsu sun tsaya mana a rana.

Ashe laifin na bidiyon ne. Waya ba ta tsayawa kan adadin firam ɗaya a sakan (firam su ne hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo). In haske ya ragu ko ta ɗau zafi sai ta rage, mu kuwa da la'asar sakaliya muka yi ɗaukar. Manhajar kiɗa ita ta ɗauka adadin ba ya motsi. Daɗin daɗawa, ta WhatsApp editan da ya haɗa fim ɗin ya turo min shi a matse.

Kafin ka taɓa komai, auna tazarar da ke tsakanin kiɗa da hoto a farko, a tsakiya, a ƙarshe. In iri ɗaya ce ko'ina, matsar da kiɗan sau ɗaya, shi ke nan. Ka kuma cire abin kunne na Bluetooth, shi kansa yana jinkirta sauti. In tana ƙaruwa, girmanta zai tona asirinta. Rabin sakan da 'yan kai a minti goma, to tsakanin kai da editanka ɗaya na kan firam 30 a sakan ɗaya na kan 29.97. Kusan sakan biyar a kowane minti, har muryoyi sun sauya, wannan rikicin ma'aunin ɗaukar sauti ne, wato 44.1 da 48 kHz. Sautin fim a kan 48 ake yin sa, ka saita tun kafin ka buga ko da ganga ɗaya. In kuwa tazarar ba ta da tsari, yanzu gaba anjima baya, irin tawa ce.

Maganin tawa HandBrake ne, manhajar sauya bidiyo, kyauta ake sauke shi. Edita ya saka hotunan a ciki, ya tsayar da firam a 30, ya sake haɗawa, na je har gida da filashi na karɓo. Na ce ya sa ƙara guda a farko da guda a ƙarshe, inda kowa zai daidaita. Na mayar masa da kiɗan a fayil ɗin sauti na WAV, domin MP3 na ƙara ɗan shiru a gaba.

Sai ka tambayi editanka tsakani da Allah ko ya yanke wani abu bayan ya ba ka fim ɗin, ko sakan ɗaya ne. Auna wurare ukun nan ka turo mana abin da ka samu, mu duba tare.