Shin ƙananan ƙungiyoyin wasan daɓe sun cancanci lambar yabo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai amfanin karrama ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, tunda galibin 'yan wasansu sa-kai suke yi. A ganina su ne ma suka fi buƙatar hakan.

Dubi Amurka. Kyautar Tony, wadda aka fara bayarwa a 1947, gasarta ta manyan gidajen wasan kwaikwayo na yankin Broadway ce a New York, masu kujeru 500 zuwa sama. Ƙananan gidaje sun samu tasu ne da jaridar Village Voice ta kafa kyautar Obie, aka fara rabawa a 1956. Abin da ya burge ni da ita shi ne ba ta ɗaure kanta da ƙayyadaddun rukunoni ba, duk aikin da ya yi fice alƙalai kan yaba masa.

Amma fa sai an yi adalci. Alƙalai su halarci wasan da kansu, domin bidiyo ba ya ɗauko yadda ɗan wasa ke riƙe 'yan kallo har ɗaki ya yi tsit. Kada alƙali ya zama ɗan wata ƙungiyar da ke takara. Kuma kada tsadar kayan ado ta rufe masa ido. Ƙungiya mai kujera biyu da labule ɗaya na iya fin mai tarin kaya.

A tuna da na bayan fage: mai haske, mai ɗinka sutura, mai tsara dandali. Waɗanda ba su ci ba kuwa, a rubuta musu inda suka dace da inda za su gyara kafin wasansu na gaba.