Amsa ga maman yara biyu da ta tambayi kayan da suka fi sauƙaƙa mana zama da yara

'Yar uwa sannu da fama, tun safe na ga tambayarki sai yanzu na samu zama. Kince kina da yaro ɗan shekara 3 da jaririya 'yar wata 8 da ta fara rarrafe, gidan kullum kamar an yi dambe a ciki, ki gyara nan kafin ki juya an watsa can, kuma kina so mu faɗa miki kayan da muka saya suka yi amfani da gaske kafin ki sake zuba kuɗi a abinda zai ƙare a saman wadrob yana shan ƙura. Ni nawa uku ne, babbar tana da shekara 7, na tsakiya 4, auta shekara ɗaya da rabi, dan haka duk abinda zan faɗa miki na ɗanɗana ne ba labari aka bani ba.

Abinda na daɗe ban gane ba shine matsalar gidana tun farko wajen ajiya ce, ba rashin kaya ba. Duk abinda yaro yake buƙata na ɗora shi can sama inda sai ya kirani, abinda kuma zai cutar dashi yana nan ƙasa daidai hannunsa. Ranar da na juya abin, na sauko da nasu na ɗaga na haɗari, wallahi rabin ihun da nake yi ya ragu. Kayan da nake ji dasu yanzu kusan duka a cikin biyun nan suke.

Bari in fara da na saukowa. Ƙugiyoyin nan na roba masu mannewa a bango, na manna su a bayan ƙofa daidai kafaɗar yaro, kowa da tasa, jakar makaranta da tawul da hula duk a nan. Da a ƙasa ake zubar min dasu saboda ƙugiyar da muke da ita tsayin babansu ce, yaro ko tsalle yayi ba zai kai ba, ni kuma ina ta faɗa wai basu da tsari, ashe ni ce ban basu hanya ba. Sai 'yar kujerar takawa mai roba a ƙafafunta dan kar ta zame, wannan ita ce sarauniyar kayan gidana, da ita yaro yake kaiwa famfo ya wanke hannu ya goge baki, da ita yake hawa masai lokacin da muka bar fo. Ɗanki mai shekara 3 daidai lokacinsa kenan, a wannan shekarun kalmar bakinsu ɗaya ce, "ni zan yi", to ki barshi yayi, zai jiƙa riga kam amma nan da sati biyu zaki ga bambanci.

Kwandunan wasa kuma ki sayi marasa murfi. Na taɓa sayen wani akwati mai kyau da murfi mai nauyi, ranar farko ya datse wa na tsakiyan yatsa, kuma yaro dama ba zai tsaya buɗe murfi ya jera kaya ba, amma in kwando ne buɗaɗɗe jefawa kawai zai yi, har gasa suke yi wa zai fi jefawa daidai. Na zana mota a takarda na manna jikin ɗaya, na zana 'yar tsana a ɗayan, tunda basu iya karatu ba hoton suke bi. Sannan ba duka kayan wasan nake fitarwa ba, na raba su kashi uku, kashi ɗaya a waje biyu a ɓoye, bayan sati biyu ko uku in canza. Ranar canji sai kiga murna kamar yau aka sayo, alhali motar da ya yi watsi da ita ce wata ɗaya da ya wuce. Kuma tattarawa da dare bai fi minti biyar ba tunda kayan kaɗan ne.

Ita kuma mai rarrafen, ki bata dirowa ɗaya ta ƙasa a kicin ta zama tata. Ki zuba robobi marasa amfani da murafensu da cokalin katako, sauran dirowoyin ki sa musu makullin yara. Auta na har yau in ina girki nan yake zama yana fitarwa yana mayarwa yana buga su, hayaniya kam akwai amma ina ganinsa kuma baya riƙe min zani kusa da wuta. Duk kayan wasa masu waƙa da fitila da aka kawo masa kyauta babu wanda ya riƙe shi minti goma kamar murfin roba, abin har haushi yake bani.

To yanzu na ɗagawa sama, nan ne zan ɗan tsaya dan nan ne na taɓa tsorata. Akwatin magani mai makulli, a sama, ba a jaka ba ba a gefen gado ba. Wata rana na shiga wanka na fito na tarar da na tsakiyan, lokacin yana da shekara biyu, ya zazzage jakata yana ƙoƙarin ɓalle ƙwayar magani daga ledarta, Allah ya taimaka bai kai baki ba, amma jikina ya yi awa yana rawa. Murfin nan da ake cewa yaro baya iya buɗewa jinkirta shi kawai yake yi, mai naci zai buɗe. Kuma ki daina ce wa yaro magani alawa ne dan ya sha, ranar da ya samu shi kaɗai zai ɗauka alawar ce da gaske.

Wanda mutane basu cika sani ba shine ƙaramin batir ɗin nan mai kama da kwabo, na cikin rimot da agogo da makullin mota da wasu kayan wasa. In yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro, yawu yana sa shi ya fara aiki ya ƙona naman wajen, cikin awa 2 kacal zai iya yin mummunar illa, kuma da farko ba lallai kiga wata alama ba. In kina ko zargin ya haɗiya asibiti kai tsaye, ba jira ba sa shi amai. Ni duk rimot ɗin gidana na naɗe bayansa da salatif, muni kam sun yi muni, babansu har tsiya yake min, nace naji. Haka bilic da sauran ruwan wanke banɗaki, a sama suke kuma a robarsu ta asali, kar ki taɓa juye su a robar lemo ko ta ruwa dan yaro kwalba yake ganewa ba abinda ke ciki ba. Ke ma kanki kar ki haɗa bilic da wani maganin wanki wai dan ya fi ƙarfi, haɗin yana iya fitar da iska mai guba, musamman a banɗaki a rufe.

Bokiti. Dan Allah bokiti. Jaririn da ya fara dafa abu yana miƙewa nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya faɗa da ka baya iya fitowa kuma ba zaki ji ƙara ba, ruwa kaɗan ya isa. Da na gama mofin ko wanki nake zubarwa in kife, wanda dole sai an ajiye ruwa a ciki mai murfi ne mai kamawa kuma a bayan ƙofar da take rufe. Na sa ƙaramar sakata a saman ƙofar banɗaki ta waje inda ko da kujerar takawar basa kaiwa, wannan sakatar ta fi min kayan ado goma.

Sai dirowoyi da kantoci masu tsayi, a ɗaure su da bango. Yara suna jawo dirowa su mayar da ita tsani, nauyin ya rinjayo gaba ta faɗo musu. Ba ƙaramin abu bane, a 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye dirowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara sun rasu. Ɗan ƙarfe ne ko igiya da kusoshi biyu, aikin minti goma. Talabijin ma haka, in ba a bango take ba a ɗaure ta.

Tunda kina da babba da ƙarama a ɗaki ɗaya ga wata dabara, ki ajiye kwalin nan na tsakiyar tishu, duk abin wasan da ya shige cikinsa ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 3 ƙanƙanta, zai iya shaƙe shi. Na koya wa babbar tawa ita take gwadawa da kanta, duk wanda ya shige sai ta kai kwandon "manya" da ke sama, sai ƙaninta yayi barci ake sauko dashi. Wannan ya rage kishi ma, dan ta ji an bata muƙami. Naki ma ki nema masa aiki a kan ƙanwarsa, shi ne mai miƙo famfas, shi ne mai zaɓo mata riga, in kuma ya zaɓo wadda bata dace ba ki saka mata haka nan, ba inda zata je.

Na san wata zata ce ki sayi keken koyon tafiya mai taya tunda ta kai wata 8. Ni nace kar ki saya. Na yi wa ta farin amfani dashi dan ban sani ba, yana basu gudu da tsayin da hankalinsu bai kai ba, su jawo abu mai zafi daga tebur ko su gangara mataki, kuma baya sa yaro saurin tafiya kamar yadda ake cewa. Kanada ta haramta sayar dashi gaba ɗaya tun 2004. Tabarma mai laushi a ƙasa da ɗan shinge a bakin ƙofa sun isa.

Na dare kuwa, abinda ya ceci barcina shimfiɗa biyu ce. Ledar katifa, zanin gado, wata ledar, wani zanin a kai. In an yi fitsari ko amai ƙarfe biyun dare sai ki yaye na saman kawai, na ƙasa a shirye yake, babu kunna fitila babu neman zani a wadrob ido a rufe. Ki sayi leda mai yadi a samanta, zallar robar tana ƙara in yaro ya juya kuma tana sa zufa. Da 'yar fitila mara haske sosai mai caji. A akwatin maganin kuma ki ajiye ma'aunin zafi na dijital, ba na gilashi mai makuri ba dan in ya fashe guba ne, da sirinjin bada magani mai lamba. Cokalin kicin ba ma'auni bane, wani ya ɗauki 5ml wani ya fi wani bai kai ba, kuma da sirinji kina zubawa a gefen kumatu a hankali ba sai an yi kokawa ba. Wadda ke da sabon jariri ɗan ƙasa da wata 3 a cikinmu, zafi in ya kai 38 asibiti ake tafiya ba gwaji a gida.

Wanki ba zan ja shi ba. Jakar raga mai zif ta safa, kowane yaro da tasa, a wanke a ciki a shanya a ciki, na daina neman ɗaya ƙafar. Tabon madara ko jini ruwan sanyi ake fara sa masa, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna daram, sannan rana tana cinye sauran.

Waya kuma, kar in yi miki ƙarya, ina basu. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar 2019 tace ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar dashi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana, ina ƙoƙari amma ranar da nake da ciwon kai da tulin wanki katun ne yake rainon. Abinda ya taimaka ɗan agogon kicin ne mai ƙararrawa, in saita minti ashirin, in ya buga shi ne yace a kashe ba ni ba, sai su yi fushi da agogo. Da shi nake amfani wajen rabon abin wasa ma in an fara "nawa ne nawa ne".

Waɗanda na yi nadamar saye, takalma masu tsada na jaririn da bai fara tafiya ba, na'urar ɗumama fida da kofin ruwan ɗumi yake yin aikinta, da farin kafet, wannan kam ban san me ya hau kaina ba.

Kafin ki sayi komai cikin duk abinda na lissafa, yau in sun yi barci ki durƙusa ki yi rarrafe da kanki daga falo zuwa kicin, ki kalli gidan daga inda 'yarki take kallonsa. Ranar da na yi nawa na samo allura ɗaya, kwabo biyu, murfin biro, wayar caja a jone tana lilo, da wani soket a bayan kujera da ban ma san buɗe yake ba.