Wanda ya ga yaro na nutsewa ya wuce abinsa, doka za ta kama shi?

Tambaya: Barista, gardama ce ta haɗa ni da abokina. Na ce idan mutum ya ga yaro na nutsewa a ruwa, ya iya iyo, amma ya yi tafiyarsa har yaron ya rasu, kotu za ta hukunta shi. Shi kuwa ya ce tunda ba shi ya tura yaron ba, babu dokar da za ta taɓa shi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kowannenku akwai ƙasar da za a ba shi gaskiya. Amma kafin a kai ga ƙasa, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne: mene ne tsakanin mutumin nan da yaron?

Idan ubansa ne, ko mai rainonsa, ko ma'aikacin da ake biya don ya tsare masu wanka, to kusan ko'ina a duniya abokinka ya faɗi. Wanda alhakin wani ke wuyansa, naɗe hannunsa daidai yake da aikatawa. A Ingila, a 1918, an samu wani uba mai suna Gibbins da matar da yake zaune da ita, Proctor, da laifin kisan kai, don sun hana 'yarsa 'yar shekara 7 abinci har ta mutu. Matar ba ita ta haife ta ba, amma ta karɓi kuɗin cefane ta kuma ɗauki nauyin gidan, wannan ya isa. Haka mai gadin ƙofar layin dogo, Pittwood, a 1902: ya bar ƙofa a buɗe ya tafi cin abinci, jirgi ya banke amalanke, mutum ya mutu, aka kama shi da laifin kisa ba da niyya ba.

Akwai kuma wanda shi ya haddasa haɗarin, ko da bisa kuskure. Wani mutum mai suna Miller barci ya kwashe shi da taba a hannu. Da ya farka ya ga katifa na cin wuta, sai ya tashi ya koma wani ɗaki ya ci gaba da barcinsa. A 1983 kotun ƙolin Ingila ta wancan lokaci ta tabbatar masa da laifin ƙona gida. Faɗuwar tabar ba ita ce laifin ba. Laifin ya fara ne daga lokacin da ya buɗe ido ya ga wuta bai yi komai ba.

Inda dokoki suka raba hanya shi ne kan baƙo, wanda babu dangin iya babu na baba. Dokar Ingila da mafi yawan jihohin Amurka sun ce bai yi laifi ba, komai munin halinsa. Hujjarsu ita ce aikin doka hana cuta ne, ba tilasta alheri ba, kuma idan mutum 50 ne suka tsaya kallo, wa za a kama? Jihar Bamont ta Amurka ta yi dokar taimako, amma tararta ba ta wuce dala 100 ba.

Faransa kuwa ba ta ɗauki abin da wasa ba. Sashe na 223-6 na kundin laifukanta ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar yuro 75,000 ga wanda da gangan ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari, alhali taimakon ba zai jefa shi ko wani cikin haɗari ba. A Jamus sashe na 323c ne, ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba ko tara. A 2016 wani dattijo mai shekara 80 da ɗoriya ya yanke jiki ya faɗi a zauren na'urar cirar kuɗi a birnin Esen. Kyamara ta nuna mutane suna tsallake shi ko su kewaye shi, su ciri kuɗinsu su fice. Ya rasu bayan 'yan kwanaki. A kotu suka ce sun zaci marar matsuguni ne yake barci. Ba a karɓi uzurin ba, a 2017 aka ci mutum 3 tarar yuro 2,400 zuwa 3,600. Ka lura, ba da laifin kisa aka kama su ba, laifin ƙin taimako ne, mai zaman kansa.

A fiƙihun Musulunci, an yi ittifaƙi cewa wanda ya iya ceton rai ya ƙi ya yi zunubi. Saɓanin yana kan hukuncin duniya. Malikiyya sun fi tsanantawa: a Mukhtasar na Shehu Khalil an ɗora lamuni a kan wanda ya bar ceton rai ko dukiyar da ke halaka alhali yana da iko. Wasu malaman sun tsaya kan zunubi kawai ga mai wucewa, tunda ba shi ne sanadin halakar ba. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa wasu mutane biyan diyyar wanda ya roƙe su ruwa suka hana shi har ƙishirwa ta kashe shi.

Ni dai zuciyata tana tare da masu hukunta baƙon, domin abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne ƙwarai. Babu dokar da ta ce ka faɗa ruwan da zai ci ka. A misalin naka, idan kogin ya cika yana ambaliya, ko gwanin iyo ba za a tuhume shi don bai shiga ba. Abin da alƙalin Faransa ko Jamus zai tambaye shi shi ne: ka yi kururuwa? Ka miƙa sanda ko igiya? Wayar da ke aljihunka, ka danna 112, lambar kiran gaggawa?