Yadda Tsirran Hamada Ke Jure Ƙishirwa

Ka tambaya yadda tsiro ke rayuwa a hamada, inda ake shafe watanni ba ɗigon ruwa. Dabararsa biyu ce: tanadi da tattali.

Dubi kaktus ɗin saguwaro, wani dogon tsiro mai ƙaya na hamadar Sonora, tsakanin Amurka da Meziko. Cikinsa kamar soso yake, jikinsa kuma ninki-ninki ne. Da an yi ruwa sai ya kumbura, ninkin ya buɗe. Idan fari ya daɗe, sai ya riƙa tsukewa a hankali. Yawancin saiwoyinsa a shimfiɗe suke dab da saman ƙasa, don su zuƙe ko da yayyafi ne kafin rana ta busar da shi. Ganyensa ya rikiɗe ya zama ƙaya, fatarsa kuma tana da kakin da ke hana ruwa fita.

Abin da ya fi burge ni shi ne numfashinsa. Ƙananan ƙofofin jikinsa a rufe suke duk tsawon yini don kada ruwa ya fita, sai dare ya yi sanyi yake buɗe su ya shaƙi iska, ya adana ta har gari ya waye.

Wasu tsirran kuwa a matsayin iri suke kwantawa cikin yashi shekara da shekaru, suna jiran ruwa.