Tambayi Tanti: Yawur ɗina ya tsinke, ko baki ne?

Tambaya: Salamu alaikum Tanti, ina yi miki fatan alheri. Daga Tawa nake rubuto miki, ina ɗan haɗa yawur da madarar gari ina ƙullawa a sashe ina saida ma yara ƴan lakkol. To tun da zafin nan ya shigo in na haɗa da dare kafin safe sai in tarar ya tsinke, ruwa ya taso sama, tsami har haƙori ke mutuwa, alhali lokacin ɗari kwana yake yi cur bai yi barci ba. Madara ɗaya, hannu ɗaya. Maƙwabciyata ta ce baki ne. Don Allah mi ke faruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki gaida maƙwabciyar taki amma ba baki ba ne, zafi ne ke wasa da ke.

Wannan cokali biyu na tsohon yawur da kike zubawa a lita guda a matsayin iri, ƙwayoyi ne masu rai a ciki, su ke cinye zaƙin madara su maida shi tsami har ta kama jikinta. Kuma suna da zafin da suke so, tsakanin digiri 42 zuwa 45. A nan awa 4 zuwa 6 sun gama aikinsu. To ke kin san Tawa a watan Afrilu da Mayu, da rana ana wuce 40, da dare ma bango bai hucewa, kin ga in kin haɗa bayan isha'i wajen tsakar dare ya riga ya yi, sauran awowin nan har asuba tsami kawai yake ƙarawa yana matse ruwansa waje. Shi ne tsinkewar da kike gani.

Don haka a bazara ki daina kwanar da shi. Ki haɗa da sassafe, kada ki lulluɓe da bargo, bayan awa 4 ki buɗe ki ɗan karkata robar a hankali, in kin ga ya tsaya bai malala ba to sai frigo nan take, ba juyawa ba girgizawa sai ya yi sanyi. Sanyin ne birkinsa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ki sayi galas, wato ƙanƙara, ki jera a galasiyer, akwatin nan mai riƙe sanyi, ki sa robar tsakiya. Jiƙaƙƙen buhu ko gindin randa suna ɗan taimakawa lokacin da iska take a bushe, amma rage gudu kawai suke yi, ba su tsaida shi.

Lokacin ɗari kuma akasin haka ne, dare na sauka wajen digiri 15 a Disamba da Janairu, madarar ta huce kafin ƙwayoyin su yi komai. Wannan galasiyer ɗin dai ita ce magani, sai dai maimakon galas ki sa bidon na ruwan ɗumi kusa da robar, ki rufe ki ɗora bargo.

Abin da na fi ganin mata na kuskurewa shi ne lokacin zuba iri. Ki dafa madarar har ta kusa tafasa, ki sauke ta huce, ki wanke hannu tas ki tsoma ɗan yatsa ki ƙirga goma. In kin jure kina jin ɗumi mai kyau, zuba. In kin fizge yatsa tun a uku ki dakata, don da zafi ya haura 50 irin ya fara mutuwa, ni kaina na taɓa asarar lita biyar ranar sunan jikata saboda gaggawa, baƙi na zaune ina kallon madara tsululu. Kuma kada ki ɗauko abin gwada zazzaɓi na farmasi, iyakarsa wajen 42 ne, ba zai gaya miki komai ba.

Irin kuma ki riƙa ɗebe shi tun yana sabo kafin ki sa sukari, bayan haɗi huɗu ko biyar ki sayo sabon yawur marar sukari ki sake farawa.